Firigo a cikin jirgin kifi: yadda wayar wuta ta kusa cinye jirgi a tafkin Madarumfa

Tafkin Madarumfa yana kudu da Maradi, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, dab da iyakar Najeriya. Ba wani babban ruwa ba ne, yana cika da damina ya ja baya da rani, amma karfasa da tarwaɗar da ake kamawa a cikinsa suna isa kasuwannin Maradi. Akwai wani ɗan kasuwa, zan riƙa ce masa Alhaji kawai, mai jirgin katako da ƙaramin inji na jan igiya. Da wannan jirgi yaronsa yake bin masunta cikin ruwa yana sayen abin da suka kama tun ba su fito gaɓa ba. Shekara da shekaru ƙanƙara Alhaji yake saye a gari ya cika kula da ita. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mu kuwa a nan ta layin Katsina tamu take zuwa. Masu ƙanƙara suka koma janareto, kuɗinta ya hau, wata rana ma ko da kuɗinka ba ka samu. A lokacin ne Alhaji ya sayi firigo ɗan Kwatano mai cin wutar batir, bolt 12, mai ɗaukar kamar lita 60, irin wanda Turawa ke sa wa a jiragensu na shaƙatawa. Kwamfireson da ke cikinsa, wato injin da ke kawo sanyin, BD35F ne, ƙirar kamfanin Danfoss, irin kwamfireson da yanzu ake bugawa da sunan Secop. Kayan kirki ne, kuma a duk abin da ya biyo baya ba shi da laifi ko kaɗan.

Haɗin farko

Wani yaro mai koyon gyaran wutar mota ne ya yi haɗin farko, a wuni ɗaya, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. An ajiye firigon a goshin jirgi, domin can ne ruwa ba ya taruwa. Batirin kuwa, na mota ne mai amfer-awa 70 (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa ke nan), aka kai shi can baya kusa da inji, inda matuƙin yake zama, don ya riƙa sa masa ido kuma ya ji sauƙin ɗauke shi da yamma ya kai caji. Tsakaninsu mita shida. Yaron ya ja waya mai lamba 1.5 ta ƙarƙashin katakan da ake takawa, ya murɗa ta a wuri uku inda ba ta kai ba, ya naɗe da salatif. A kan batir ya sa maƙalai masu bakin kada, irin na tayar da mota. Fizibil, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, akwai, wanda ya zo da firigon, yana nan maƙale a bayan firigon. Jarkar fetur tana zaune kamu biyu daga batir.

Tun satin farko matuƙin ya kawo ƙara. Da safe firigon yana sanyi, zuwa hantsi sai ya fara wani hali: ya yi gurnani ya tashi, ya yi shiru, a jima kaɗan ya sake gwadawa, wata 'yar fitila a jikinsa tana ƙyaftawa sau ɗaya tana dakatawa. Kifi ya fara laushi kafin a iso Maradi. Alhaji ya yanke hukunci cewa an sayar masa da mataccen firigo, har sun yi sa-in-sa da wanda ya sayar masa.

Ana cikin haka, wata rana suna tsakiyar ruwa, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin katako. Matuƙin ya ga robar waya tana narkewa tana bin jikin jirgi ta nufi batir, ya kai hannu ya fizge maƙalin. Ya ƙone a tafin hannu, amma wutar ba ta kai ga jarka ba. Allah ya kiyaye. Washegari aka kawo mini firigon shagona na gyara a bayan babur mai ƙafa uku, da saƙon cewa in duba ko zai gyaru ko a sayar wa 'yan gwangwan.

Abin da awo ya nuna

Na ɗora shi a kan tebur, na haɗa shi da cikakken batir da guntuwar waya mai kauri. Ya tashi lafiya lau, ya wuni yana aiki, ruwan da na sa a ciki ya yi sanyi ƙarara. Sai na aika aka kawo mini ragowar naɗin wayar da yaron ya yi aiki da ita, da batirin, na maimaita haɗin kamar yadda yake a jirgi. Nan take halin ya dawo.

Irin wannan kwamfireso yana da akwatin sarrafawa da ke auna ƙarfin wutar da ke iso masa. Yadda yake fitowa daga kamfani, in wuta ta sauka ƙasa da bolt 10.4 yana kashe kansa don kada ya tsotse batir ƙarƙaf, ba ya sake tashi sai ta koma 11.7. Ƙyaftawar nan sau ɗaya ma'anarta ke nan. To amma shi a bakinsa yake awo, bai san abin da ke kan batir ba. In waya ta cinye wutar a hanya, a wurinsa batir ya mutu.

Lissafin ba shi da wuya. Wuta tana zuwa ta dawo, saboda haka mita shida mita goma sha biyu ce. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5, a wannan tsawo, in firigo yana jan amfer 5, tana zubar da kusan bolt 0.7. A wutar gida mai bolt 220 wannan ba abin magana ba ne. A bolt 12 kuwa babban rashi ne, domin ƙa'idar masu haɗa wutar jirgi ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga na'ura mai muhimmanci, wato bolt 0.36. Sannan da na kankare wayar da wuƙa sai ga ta fara fat a ciki: sanholo ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, irin wadda ta cika kasuwa yanzu, mai sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi. Sanholo ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe, asarar sai ta haura bolt ɗaya. Ƙara da murɗe-murɗen nan uku da ruwan kifi ya shiga suka yi tsatsa, ƙara da maƙalin da haƙoransa kawai ke taɓa kan batir. Batirin yana nuna 12.2 in ba a ɗora masa kaya ba, yana sauka kaɗan in firigo ya ja, amma abin da ke isa bakin firigon bai kai 10.4 ba. Da ya kashe kansa sai awo ya koma sama, tunda ba a jan komai, sai ya ɗauka batir ya farfaɗo ya sake tashi. Haka zai yi ta yi har rana ta faɗi.

Wannan ke nan game da rashin sanyi. Gobarar kuwa daban take, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Da na je Madarumfa na ɗaga katakan, na tarar da wurin. Akwai wata ɓaraka a cikin jirgin da aka taɓa toshewa da fallen kwano da ƙusoshi, bai fi mita ɗaya da rabi daga batir ba. Wayoyin biyu a kan gefen kwanon suka bi. Jijjigar inji da takun ƙafa suka yi ta goga su har roba ta yanke, ja da baƙa suka haɗu ta jikin kwano. Mutane suna raina batirin mota don ba ya jan mutum in ya taɓa, suna mantawa an gina shi ne ya ba da ɗaruruwan amfer a lokaci guda don juya injin mota. Wayar 1.5 abin da za ta iya ɗauka bai wuce amfer goma sha biyar zuwa ashirin ba. In aka tura mata ninkin ba ninkin haka, cikin 'yan daƙiƙu za ta yi ja.

Fizibil ɗin da ke bayan firigo kuwa yana nan garau, ko ɗumi bai yi ba. Ba zai yi ba, domin wutar ba ta bi ta kansa ba: ta fito daga batir, ta yi mita ɗaya da rabi, ta tsallaka ta kwano ta koma. A nan mafi yawan masu haɗi suke kuskure, suna zaton fizibil firigo yake tsaro. Waya yake tsaro. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fizibil ba ta da mai kare ta, kamar mutumin da ya ɗauki mai gadi ya zaunar da shi a ƙuryar ɗaki ya bar zaure a buɗe. Ƙa'idar da masu ƙera ƙananan jirage a Amurka suke bi ta ce a sa shi cikin inci bakwai daga kan batir, kusan santimita 18. Ƙasa da kamu ɗaya.

Sai maganar fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta a cikin jirgi, daidai inda batir yake. Maƙalin bakin kada kuwa duk lokacin da aka sa shi ko aka cire ko ya motsa, tartsatsi yake yi. Batirin mota shi ma in ana cajinsa yana fitar da iskar haidurojin, wadda take kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari a iska. Abin mamaki ba yadda aka yi gobara ba ne, yadda aka kai wannan lokaci ba a yi ba.

Shawarar inbata

Da na gama yi wa Alhaji bayani sai ya kawo tasa dabarar. Ya ce, “Malam, ni na gaji da wanga ɗan firigo. Ina da babba a gida, mu sayi inbata mu ɗora mashi, mu huta.”

Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, wannan aikin ba da hannuna ba.”

Dalilaina biyu ne. Na farko lissafi: firigon gida mai wat 100 in aka bi da shi ta inbata, na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida mai bolt 220, yana jan kusan amfer 10 daga batir, ninki biyun na yanzu, a lokacin tashi kuma yana neman ninki biyar ko fiye, ga inbatar kanta tana cin nata ko firigo yana hutawa. Na biyun shi ne wanda ba na ciniki a kansa. Bolt 220 a cikin jirgin katako mai yoyo, da matuƙi ba takalmi, ƙafarsa cikin ruwa, hannunsa a jiƙe yana buɗe murfin ƙarfe. Amfer ɗin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfer guda ba. Kuma ruwan daɗi irin na tafki ya fi na teku haɗari ga wanda ke cikinsa, domin jikin mutum ya fi ruwan daɗi saurin wuce da wuta, sai ta zaɓi bi ta jikinsa. Masunta suna shiga ruwa su riƙe gefen jirgin nan suna miƙa kifi, yara suna iyo kusa da shi. A manyan jirage ana sa wutar gida, amma da na'urar da ke yanke wuta in ta ɓalle ko da amfer 0.03 ne, da tsarin waya ta ƙasa, da akwatunan da ruwa ba ya shiga. Kuɗin wannan ya fi kuɗin jirgin Alhaji.

Ya yi shiru, ya ce to in yi yadda na gani, amma in ji tausayin aljihunsa.

Sabon haɗi

Abu na farko ba saye ba ne, matsar da kaya ne. Na dawo da firigo da batir tsakiyar jirgi, mita biyu tsakaninsu, jarkar fetur ta zauna can baya ita kaɗai. Wannan kawai ya kashe kashi biyu cikin uku na asarar. Takardar kamfanin kwamfireson tana da jadawali mai sauƙin riƙewa a bolt 12: waya mai 2.5 kada ta wuce mita biyu da rabi, mai 4 mita huɗu, mai 6 mita shida, mai 10 mita goma. Mai 2.5 za ta wadatar a takarda, na sa mai 6, domin zafinmu ba na Turai ba ne kuma bambancin kuɗin mita huɗu ba wani abu ba ne. Jan ƙarfe na gaske, mai silli-silli mai lanƙwasuwa. Wayar gini mai ƙarfe ɗaya ba ta jure jijjiga, karyewa take a ciki ba ka gani. Wayar jirgi ta asali ana yi mata rufin kuza don tsatsa, ban same ta a kasuwa ba, sai na rufe bakunan da kyau.

Babu murɗi ko ɗaya. Kowane baki an matse masa kos, zoben ƙarfen nan, da abin matsewa, aka rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, aka ɗaure da noti a kan batir, aka shafe da man girisi. Wayoyin suna cikin tiyo, an kafe tiyon a jikin jirgi can sama kusa da baki, inda ruwa ba ya kaiwa kuma ƙafa ba ta takawa. A kan jar waya, ƙasa da kamu ɗaya daga batir, fizibil mai amfer 15 cikin gidansa na roba mai murfi, shi ne girman da kamfani ya ce. Bayansa makunni mai ɗaukar amfer 20, don a daina kashe firigo da fizge waya.

Batirin mota na ce a mai da shi mota. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci a cika shi nan take, in ana sauke shi ƙasa kullum 'yan watanni zai yi. Muka sa na sola, rufaffe, mai amfer-awa 150. Nauyinsa ya haura kilo arba'in, saboda haka wurin zamansa ma sai da muka yi shawara da matuƙi don kada jirgi ya karkata. Kafinta ya yi masa akwati a kan dakali, an ɗaure shi da ɗamara, akwai ramukan shan iska a sama, murfin kuma yana hana wuƙa ko ƙugiya faɗawa ta haɗa kawunan biyu.

Sai abin da zai cika shi. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, kwamfireso yana aiki kamar kashi biyu cikin uku na wuni da dare. Amfer 5 sau awa 16, amfer-awa 80 ke nan a kullum. Batirin dalma irin wannan kuwa rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 75 daga cikin 150. Zai raba dare lafiya, amma dole rana ta biya abin da aka ci. Allon sola mai wat 150 yana ba da kusan amfer 8 a tsakiyar rana, biyu 16, sau awa biyar na rana mai ƙarfi, 80. Daidai wa daida, ba rara. Abin da ya kawo rarar shi ne mun yi allunan rumfa a kan firigon da batir, sai inuwa ta rage wa kwamfireso aiki, ta kuma taimaki batir, wanda kowane ƙarin digiri goma sama da 25 yake kusan raba kwanansa biyu. Rumfar ƙasa-ƙasa muka yi ta saboda iskar farkon damina. Regilata mai amfer 30, mai daidaita caji, tana tsakanin alluna da batir, ita ma wayarta da nata fizibil a kusa da batir. Firigon kai tsaye daga batir yake sha, ba ta bakin regilata ba. Na koya wa matuƙi tsari: in za a kwance, alluna ake fara cirewa, in za a haɗa, batir ake fara sawa.

Alhaji ya tambaya ko injin jirgi ba zai yi caji ba. Wutar da ƙananan injunan nan ke bayarwa ta fitila ce, kaɗan ce, sai an ƙara na'ura kafin batir ya sha ta, kuma injin ba ya wuce awa ɗaya ko biyu yana aiki a wuni. Muka bar shi. Da yake yanzu asarar waya ba ta kai bolt 0.1 ba, na ɗaga iyakar kashe kai ta firigon zuwa sama da bolt 11, don ya riƙa tsayawa tun batir bai galabaita ba. Na kuma bar tazarar tafin hannu a bayan firigon inda yake fitar da zafi, domin da can buhun koma ake jinginawa a wurin.

Abin da waya ba ta gyara ba

Firigo ya daina tsayawa, amma Alhaji bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya. In aka zuba kifi kilo ashirin da ɗuminsa, na tsakiya ba ya yin sanyi sai bayan la'asar. Wannan ba matsalar haɗi ba ce. Sauko da kilo ashirin na kifi daga digiri 30 zuwa 4 yana bukatar a zare masa zafi kusan wat-awa 500, ɗan kwamfireson nan kuwa abin da yake iya zarewa bai kai wat ɗari ba. Awa shida zuwa takwas ke nan, kifi kuma ba ya jira. An ƙera waɗannan firigogi don riƙe abin da ya riga ya yi sanyi, ba don saukar da tulin kifi mai ɗumi ba.

Mafitar ita ce a canja masa aiki. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi mai yawa kafin ya narke, kilo shida sun isa saukar da wancan kifin, kuma cikin sauri, tunda suna manne da jikinsa. Sai muka sauke ma'aunin firigon ƙasa da sifiri, ana jera robobin ruwa a ciki tun da rana, lokacin da alluna ke ba da wuta, su kwana su daskare. Da safe a fasa su a kula, kifi ya shiga kula, sababbin robobi su shiga firigo. Ba ya iya daskarar da fiye da kilo huɗu ko biyar a wuni da dare, kuma a haka kwamfireso kusan ba ya hutawa, sai da muka ƙara allo na uku. Ranar da kamu ya yi yawa har yanzu ana cikawa da ƙanƙarar gari. Da hunturu kuma ƙura tana rufe alluna, shafe su kullum da safe ya shiga aikin matuƙi.

Bayan wata ɗaya da wani abu matuƙin ya kira ni, firigo ya mutu ɗungurungum. Da na je na tarar fizibil ya ƙone. Ashe ya fere jar waya a bayan makunni ya jona soket ɗin cajin salula, yana yi wa masunta caji suna ba shi ɗan na goro, ruwa ya fantsama cikin soket ɗin ya haɗa wuta. Ya ce ya so ya naɗa zaren waya a gurbin fizibil ɗin kamar yadda ake yi a gareji, sai ya tuna tafin hannunsa. Na yanke wurin da ya fere na sa sabuwar waya, na ja masa layi na daban daga batir, da fizibil mai amfer 5 da soket mai murfi a ƙarƙashin rumfa. Na bar masa fizibil uku masu amfer 15 da biyu masu amfer 5 a cikin gwangwanin da aka ƙusance a jikin akwatin batir, kuɗinsu kuma Alhaji ya cire a albashinsa.